Lamba Arba'in da Bakwai, Babu Mai Shi

Sirajuddeen ɗan Mariyamu ne ya cinye gidan Inna Fourera. A rubuta haka, a kai wa uwarsa a karanta mata. Bai ɗauki guduma ba, bai haura katanga ba, ko ƙofar gidan bai taka ba tun da ya dawo daga karatu a Dakar. Yana zaune kan kujera mai juyawa, fanka na kaɗa masa, ya cinye gida mai ɗaki biyar da yatsunsa goma. Mutanen Zongon Kwatano suna cewa mutumin kirki ne, yana durƙusa wa manya. To, an ji, ya durƙusa. Gidan fa?

Ga yadda abin ya zo. Shekara bakwai ke nan da aka yi Babban Taron Ƙasa, aka ce danniya ta ƙare, yanzu kowa yana da baki. Sai aka taso da maganar faɗaɗa layin da ya bi ta bayan rumfunan mahauta ya fita babban titi, wai don kamiyo, manyan motocin kaya, su riƙa wucewa. Duk gidan da hanya za ta ci, za a ba mai shi fili can bayan unguwar Vêdoko. Da zamanin baya ne, sai dai mutum ya wayi gari ya tarar da tukwanensa a waje. Amma yanzu kwamiti aka kafa na 'yan unguwa, aka ɗora Alhaji Arzika dillalin shanu a kai, aka kama biro, wato ofis, a saman wani shagon taya, aka girke na'urar nan da suke ce wa ordinatar, aka ɗauko Sirajuddeen ya tsara mata aikinta. Aka ce na'ura ba ta da ɗan ɗaki, ba ta son kai. Ranar da aka faɗi haka a taro, Inna Fourera da kanta ta rangaɗa guɗa.

Shekara talatin tana toya waina a ƙofar gidan nan. Uban mijinta ne ya gina shi tun ana zuwa da kanwa daga arewa a koma da goro. Da mijinta Badarou ya rasu, dangi suka zauna suka ce gidan ya tsaya da sunan babban ɗansa, Laouali, direban kamiyo da ke bin hanyar Kwatano zuwa Yamai. A lokacin da wannan abu ya faru, Laouali yana can arewa da lodin siminti, ba wanda ya san ko wane gari ya kwana.

Ranar wata Alhamis da hantsi, tana juya waina, sai ga wani mutum da bokitin jan fenti yana bin gidaje. Kowane bango ya je, sai ya yi gicciye, a ƙarƙashinsa ya rubuta lambar filin da aka ba mai gidan. Ya yi wa gidan maƙwabciyarta Assétou. Ya zo nata, ya zuba gicciye mai girma har fenti na zuba, ya ɗauki bokitinsa zai wuce.

“Kai mai fenti! Ina lambata?”

Ya duba takardarsa, ya ɗaga kafaɗa, ya ce ta je ta duba lis, jerin sunayen da aka liƙa a jikin bangon masallaci.

Inna Fourera ba ta taɓa shiga lekol ba, wato makarantar boko. Assétou ce ta yi shekara uku a can kafin a cire ta, don haka ita ta ja suka tafi. Suka bar waina a kan wuta. Assétou ta sa yatsa tana bin layi, bakinta na motsi.

“Arba'in da biyar... arba'in da shida, ga nawa... arba'in da takwas.”

“Kin tsallake.”

“Ban tsallake ba, Yaya. Babu.”

“Ke dai karatunki na shekara uku ne. Sake dubawa.”

Assétou ta sake bi har ƙasa, ta koma takarda ta ƙarshe, wata gajera da aka liƙa a gefe. Can yatsanta ya tsaya cak. Ta juyo tana kallon Inna Fourera kamar wadda za ta faɗi mutuwa.

“Ga shi nan. Yaya, wai kango. Wai arba'in da bakwai kango ne, babu mai shi.”

Inna Fourera ta waiwaya. Daga inda take tsaye tana hango gidan. Ga zannuwanta a kan igiya, ga hayaƙin wainar da ta fara ƙonewa, ga jikokinta biyu suna wasa a bakin zaure. Ita da Zongo duka ta san harshenta, ita da ta taɓa sa ɗan sanda ya mayar mata da kaskonta har yana ba da haƙuri, yau ta tsaya baki sake kamar an zuba mata ruwan sanyi a ƙeya.

Ba ta koma ta sauke kasko ba. Da zanen tuya a jikinta, da mai a hannu, ta nufi biron kwamiti, Assétou na bin ta da sassarfa. Matakala goma sha tara ce. Gwiwoyinta suna ƙara, ta haye su ba ta huta ba.

Sirajuddeen na zaune gaban na'urarsa, mutum mai shekara talatin da 'yan kai, da tabarau da farar taguwa. Yana ganinta ya zame daga kujera.

“Inna, ina kwana? An tashi lafiya?”

“Tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Dube ni da kyau, ɗan Mariyamu. Mutum ce ni ko aljana?”

“Subhanallahi, Inna, me ya faru?”

“Na ce mutum ce ni? Don takardarka ta ce gidana kango ne. In kango ne, to aljanu ke toya wainar da ka ci har ka girma.”

Ya yi murmushi irin na masu ilimi in za su lallashi tsohuwa. Ya ce ba mamaki mai liƙawa ne ya yi kuskure, na'ura ba ta yi. Ya zauna ya danna wasu maɓallai. Ya sake dannawa. Murmushin ya tafi. Ya tashi ya buɗe wani kabad, ya yi ta bincike cikin tulin takardu, har ya zaro guda mai lamba arba'in da bakwai. A ƙasanta ga dangwalen yatsanta, baƙi ƙirin.

“Inna, wa ya zo gidanki ɗaukar bayani?”

“Wani siriri mai jaka, mutumin Houéyiho. Mushe Dosu yake ko wa, yadda masu Faransanci ke kiransa.”

“Da ya tambaye ki sunan mai gidan, me kika ce?”

Ta tuna ranar sarai, wata uku da suka wuce. Hadari ya haɗo, mutumin yana sauri, ya ce saura gida sittin a gabansa. Da 'yar Hausarsa ta kasuwa ya ce, Mama, wane ne mai gida? Ta ce ɗanta ne. Ya ce sunansa? Ta ce Mai Kamiyo. Ya ce wannan ba suna ba ne. Ta ce ita dai haka take kiransa. Ya ce to sunan ubansa? Nan ta yi dariya, ta ce lallai kai baƙo ne. Ɗan fari da miji, duka biyun yake so ta faɗa da bakinta, a tsakar gida, da rana tsaka? Ta ce masa ya leƙa waje ya tambayi duk wanda ya gani, ko mai tura ruwa ne zai gaya masa. Ya ce to. Ya rubuta wani abu, ya kama yatsanta ya dangwala. Har waina ta zuba masa masu zafi a ganye, ya ci ya suɗe hannu.

Ta faɗa wa Sirajuddeen duk wannan. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

“Bai tambayi kowa ba, Inna. A gurbin suna ya rubuta neyan. Da Faransanci, babu ke nan.”

“To shi baƙo ne, wawa ne kuma, za mu gamu. Amma kai da ka ga takarda da yatsan mutum a kai, an ce babu, ba ka tambaya ba?”

“Ban gani ba. Wasu ne suka shigar da takardun. Ita na'urar ce...” Ya tsaya, ya ajiye takardar. “Bari in yi miki bayani. Na'urar nan tana da yarenta da ake ba ta umarni da shi. A cikin yaren akwai kalmomin da aka keɓe mata, nata ne ita kaɗai: tsaya, goge, rufe, babu, da irinsu. Ba a ba mutum su a matsayin suna. In suka shiga gurbin suna, sai ta rikice, ta ɗauka umarni aka ba ta. Shi ya sa na ajiye mata kamar mai gadi a bakin ƙofa. Duk sunan da zai shiga, sai an gwada shi da jerin kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. In ya yi daidai da ɗaya daga ciki, ba ya wucewa, sai a ture gidan gefe.”

“A ture shi ina?”

“Cikin gidajen da ba su da mai su.”

“Shi mai gadin naka, in ya kori mutum, yana zuwa ya gaya maka?”

Ya ɗaga kai yana kallon fanka.

“Da kai nake.”

“Ban tsara shi ya gaya mini ba. Ban zaci... Inna, wallahi na gwada ta da sunaye ɗari uku kafin a fara, duk suka wuce lafiya. Ban taɓa kawowa a raina akwai gidan da za a je a rasa sunan mai shi ba.”

Inna Fourera ta matso har sai da cikinta ya taɓa teburin. Ta sassauta murya, kuma duk wanda ya san ta ya san gara ta yi ihu.

“Ɗan Mariyamu, kai ne na fari a ɗakinku ko ba kai ba ne?”

“Ni ne.”

“Me uwarka take kiranka?”

Ya sunkuyar da kai. “Ɗan Lekol.”

“Tun da ka zo duniya ka taɓa jin sunanka ya fito daga bakinta?”

“A'a.”

“Na ubanka fa?”

Ya ƙara sunkuyar da kai.

“A nan aka yanke maka cibi. Ka je Dakar ka koyo kalmomin da ƙarfe ba ya so a faɗa, ka jera su, kana gadinsu kamar kayan gado. Sunayen da uwarka ba ta faɗa kuwa ka manta da su. Buɗe min wurin da take zuba mutane. Ina so in ga ko ni kaɗai ce.”

Ya danna. Wata na'urar a gefe ta fara kuka kamar ana yanka kaza, tana fitar da doguwar takarda. Assétou ta fizge ta tana karanto lambobi, Inna Fourera kuwa ba ta buƙatar karatu, ta san layinta kamar tafin hannunta.

“Tara.”

“Gidan Ruwaida, mijinta ya rasu bara.”

“Ashirin da biyu.”

“Aishat mai kitso. Nata yana Legas.”

“Talatin da ɗaya.”

“La'ilaha illallahu! Tsohuwa Labiba, makauniya. Ita ma kango ce?”

Gida goma sha ɗaya. Duk gidajen da aka tarar da mace ita kaɗai, aka tambaye ta sunan miji ko na ɗan fari. Sirajuddeen ya zauna dirshan a ƙasa, ba a kan kujerarsa ba, ya ɗora hannu biyu a ka yana ta innalillahi.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Arzika ya hauro, yana haki, babbar riga na jan ƙasa, goro a kunci. Labari ya riga ya kai masa a kara, kasuwar shanu. Inna Fourera ta girme shi nesa, ta goya shi ma yana jinjiri.

“Yaya Fourera, me ya yi zafi haka? Da kin aiko ai da na zo.”

“Ka zo ina, Arzika? Kango?”

Sirajuddeen ya tashi ya yi masa bayani da Faransanci, da sauri, murya ƙasa ƙasa. Ta daka musu tsawa su yi Hausa, gidan ba na Bature ba ne. Alhaji ya karɓi takardar, ya juya ta, ya tauna goronsa. Bai yi mamaki kamar yadda ya kamata mutum ya yi ba, amma a lokacin hankalinta bai kai nan ba.

“Abu mai sauƙi ne, Yaya. Gyara za a yi. Sai dai kwamiti yana da ƙa'ida. Wanda ya dangwala yatsa a takarda, shi zai gyara bayaninsa, ko ya rubuta da hannunsa, ko ya faɗa da bakinsa gaban shaidu biyu. Ga ni, ga Sirajuddeen.”

“Laouali ne!” in ji Assétou. “Laouali Badarou! Alhaji, kai ba ka san shi ba? Ba shi ya kai maka shanu Bohicon ba?”

“Na san shi, mana. Amma ba yatsanki ne a nan ba, Assétou. Yanzu zamanin doka ne. In na karɓa daga bakinki, gobe wani ya zo ya faɗi suna a gidan wani, a ce Arzika ya yi son kai.”

“A jira ya dawo ya faɗi sunansa da kansa,” in ji Inna Fourera.

“Litinin katafila za ta shiga layin.”

Alhamis ce. Ta ƙirga kwanakin a zuciyarta, ta ƙirga nisan Yamai. Ta kalli alƙalamin da ke kan teburin, abin da ba ta taɓa riƙewa ba. Rubutu dai babu. Saura baki.

Shekara arba'in da huɗu ba ta taɓa faɗin sunan nan ba. Ranar suna, da wanzami ya ɗaga murya ya faɗa a zaure, ita tana ƙuryar ɗaki ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ƙyanda ta kama shi yana ɗan shekara uku, har aka fid da rai, kwana tara ta yi a kansa ba ta runtsa ba, amma ba ta kira shi ba. Da aka zo aka ce kamiyonsa ya kife a hanyar Parakou, ta fita ba takalmi tana ihu a layi, abin da take cewa kawai shi ne yaron nan, yaron nan. Shi kuwa uban, shekara talatin da biyu suka zauna, har aka ɗauke shi a makara, Malam take ce masa. Ba tsoro ba ne, ba kuma ƙi ba. Abin da ta iya ba su ke nan na girma, ita da ba ta da gona ba ta da shanu.

Ta tuna jikokinta a bakin zaure. Ta tuna matar ɗan nata da ke da tsohon ciki.

Ta juya ta fuskanci bango. Ta ja gefen zanen tuya ta rufe rabin fuskarta.

“Laouali.”

“Ɗaga murya kaɗan, Yaya, shaida ce.”

“Laouali!”

“Sunan uba?”

Assétou ta toshe bakinta da hannu biyu, hawaye na bin yatsunta. Sirajuddeen ya kau da kai.

“Badarou,” in ji Inna Fourera, ga bango.

Ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwar Dantokpa. Bayanta ta ji ƙarar maɓallai, ƙwas ƙwas ƙwas, ba su fi goma sha biyar ba. Na'urar ta yi ɗan ƙara guda. Shi ke nan. Mai gadin ya duba, bai ga kalmarsa ba, ya bar su suka wuce. Abin da ta riƙe shekara arba'in da huɗu, ƙarfen ya haɗiye shi kafin ƙiftawar ido.

Ta goge fuska, ta juyo.

“To. Fili lamba nawa? A ba mai fenti ya je ya rubuta.”

Sirajuddeen yana kallon gilashin na'urar. Ya juya ya kalli Alhaji.

“Alhaji, babu lamba. Ta ce filaye sun ƙare.”

Alhaji Arzika ya gyara hula. “To, ai ka sani. Lis ta ce masu gida ɗari da goma sha biyu, aka yanka fili ɗari da goma sha biyu. Juma'ar da ta wuce aka gama rabo, aka sa hannu a takardar kowa. Ragowar wurin kuma masu shi sun riga sun mayar da abinsu. Amma kada ki damu, Yaya, yanzu sunansa ya shiga jerin masu jira.”

“Jiran me?”

“In Allah ya kawo wani wurin.”

“Katafila fa?”

“Wannan kuma ba a hannuna take ba.”

Inna Fourera ta dafa teburin. Ta daɗe tana kallon mutumin nan da ta goya a bayanta.

“Arzika. Lokacin da ka sa ni na juya ga bango, ka san babu fili?”

“Yaya, dosiye ne, takardun gida dole su cika, ko da...”

“Ka sani ko ba ka sani ba?”

Ya tofar da goro a cikin hankici, ya naɗe, ya cusa a aljihu.

Sirajuddeen ya fara rantse-rantse, shi bai san an mayar da ragowar filin ba, shi zai rubuta takarda, zai je har inda ya kamata. Alhaji ya ce laifin Mushe Dosu ne. Sirajuddeen ya ce Mushe Dosu aikin wata ɗaya aka ɗauke shi, ya tafi. Alhaji ya ce to ai na'ura ce, kuma na'ura ba a kai ta ƙara.

Inna Fourera ta taka zuwa ƙofa. Sun ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta zauna a bakin matakalar, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya gaba ɗaya, ta gyara ɗaurin zane.

“Assétou, je ki sauke min kasko. Ki bi gida goman nan ki kira su duka. Tsohuwa Labiba a ɗauko ta a zemijan, babur ɗin haya, ko a goyo ta. Ki ce su zo da tabarmi.”

“Yaya Fourera, haba, ina da shanu a kara suna jirana...”

“Su jira, suna cikin jerin masu jira. Ba mai sauka. Kun ce zamani ya sake, kowa yana da baki. To na buɗe nawa, kun ga abin da kuka ciro daga ciki. Kai ka ce baƙo ne, kai ka ce ƙarfe ne. Ƙarfe ba shi ya haifi kansa ba, baƙo kuma ba shi ya sa ni na juya ga bango ba. Gidana yana nan da gicciye, Litinin saura kwana huɗu. Matan nan suna hawowa, ku zaɓi wanda zai tsaya a gabansu a cikinku, ɗan Mariyamu ko kai Arzika, ya gaya mana inda za mu kwana ranar Litinin. Wane ne zai amsa?”